Ƙofofin Ganyen Dawa

Da cikin Tabita ya shiga wata na bakwai, mijinta Levi ya ɗauko ta daga Kano ya kai ta gida goyon ciki. Gidan yana Unguwar Mati, wani ƙauye a bayan Bici, inda gona take manne da gona, ba a bar ko taƙi ɗaya na ƙasa ya huta ba. Damina ta riga ta yi nisa. Gero ya fid da kai, dawa ta wuce tsayin mutum har ta rufe gidajen unguwar, sai dai ka ji amon taɓarya ko carar zakara ka san akwai maƙwabta a kusa. Levi ya koma bakin aikinsa, ya bar ta da akwatin kayanta da kwamfutarta da wani ɗan faifan sola, wanda mahaifinta Baba Shago ya hau ya ɗaure mata a kan rufin ɗaki.

Mahaifiyarta, Inna Leah, ta daɗe tana harar kwamfutar kafin ta yi magana.

"Hutu fa aka kawo ki ki yi," ta ce.

"Hutun nake yi, Inna. Lissafi ai ba ɗaukar kaya ba ne."

"To me ya sa da kin buɗe ta sai ki haɗe gira kamar mai ciwon haƙori?"

Tabita ta yi dariya.

Aikinta na ganyen dawa ne, ko da yake ba ta cika taɓa ganyen da hannunta ba. A jikin kowane ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan tsiro yake numfashi, ta nan kuma ruwan jikinsa yake tserewa. Ƙwayoyin halitta biyu ne suke tsaron kowace ƙofa. In ƙasa ta fara bushewa, saiwa takan aiko da wani sinadari sama, ya iso wajen masu tsaron nan, su ja ƙofa su rufe. Amma kafin a kai ga rufewa, saƙon sai ya bi hannu-hannu a cikin ƙwayar, wannan furotin, wato ɗan sinadarin da ke cikinta, ya tashi wancan, wancan ya tashi na gaba. Ba wanda yake iya ganin tafiyar duka. Abin da ake iya yi shi ne a sa wa ƙwayar wani rini mai haske, a kalle ta ta madubin ƙara girma, a ga lokacin da ta haska da lokacin da ta dushe. Saura kuwa da lissafi ake cikewa. Sai mutum ya rubuta yadda yake zaton saƙon yake tafiya, ya ba kwamfuta ta zana layin da za a gani in zatonsa gaskiya ne, sannan a ɗora layin a kan abin da madubi ya nuna.

Abu ɗaya ne ya ɗaure wa kowa kai. In aka zuba sinadarin aka bar shi, ƙwayar takan haska da ƙarfi, can kuma ta lafa, alhali sinadarin yana nan bai je ko'ina ba. Me yake lafar da ita? Tsohon malaminta, Farfesa Mika'ilu, ya ce tun shigar saƙon yake rabuwa biyu, ɗaya mai sauri ya je ya tada ƙwayar, ɗaya mai nawa ya biyo baya ya kwantar da ita. Tabita kuwa ta ce a'a, amsar da ƙwayar ta bayar ita ce take juyowa ta toshe hanyar da saƙon ya shigo. A kan wannan zaton ta gina digirinta na uku. Matsalar ita ce, lissafin nan biyu layi ɗaya suke zanawa, kuma layin ya dace da duk wani gwaji da aka taɓa yi.

Farfesa Mika'ilu shi ya fara lura da ita a jami'a, tana yarinya mai shiru da take zama a ƙarshen aji. Shi ya ara mata littattafansa, shi ya koya mata yadda ake mai da tafiyar abu mai rai ta zama lissafi. Yanzu ya yi ritaya ya koma garinsu Ɗanbatta, ganinsa ya tafi sai inuwa-inuwa, yana kiwon 'yan tumakinsa. Lissafin nan na saƙo mai rabuwa biyu shi ne aikinsa na ƙarshe kafin idon ya ƙi.

Wata safiya wayarta ta yi ƙara. Ta lallaɓa zuwa gindin rumbu, wurin da sabis yake kamawa. Khaulat ce, abokiyar aikinta da take riƙe da ɗakin gwaje-gwaje a Kano, ita ce mai yanka ganyen, mai sa rini, mai zama gaban madubi.

"Maman biyu, ya nauyin jiki?"

"Ke dai bari. Ɗaya ma ya ishe ni."

"To saurara. Rinin nan ya kusa ƙarewa, abin da ya rage na gwaji ɗaya ne mai kyau. Ban san ranar da wani zai iso ba, kuma shukar da ke ɗakin gwaji ta kai lokacinta, in ta tsufa ƙofofin ba sa amsawa yadda ya kamata. Ki faɗa mini abin da zan yi da shi. In ba ki da wani tunani, sai in maimaita na da, in ƙara ƙarfin sinadarin."

"Ki ɗan ba ni lokaci in duba."

Ta duba. Ta ƙara ƙarfin sinadarin a cikin kwamfuta, layin Malam da nata suka hau tare suka sauka tare. Ta rage, haka. Ta sa a zuba shi a hankali kamar ɗigon rufi, layukan suka ɗan rabu da kaurin gashi, rabuwar da rawar hannun mai awo ma za ta haɗiye. Gwajin da lissafi biyu suka yarda a kan sakamakonsa tun kafin a yi shi ɓarnar rini ne kawai, wannan ta sani. Amma ta lura, duk sa'ad da layukan suka kwanta a kan juna, wani sashe na zuciyarta yakan yi sanyi. Muddin ba su rabu ba, ba sai ta je gaban makahon tsoho ta gaya masa aikinsa na ƙarshe kuskure ne ba.

Cikin ya zo mata da barci mai yawa. Da rana ta take, sai ta ja tabarma zuwa inuwar ɗorawar da ke bayan gida, a bakin gonar Baba, ta jingina da filo, kwamfutar a gefe tana ta gwada gwaje-gwajen da ba a yi ba. Iska takan ratso ta cikin dawa da wani irin sauti kamar mutane da yawa suna raɗa. Kurciya tana kuka nesa, jaki yana amsa wa ɗan'uwansa daga wata unguwar. Ba ta cika sanin lokacin da idonta yake rufewa ba.

Ran nan ta yi mafarki ganyen dawa ya faɗaɗa ya zama kamar filin coci, ta taka a kansa yana lotsawa. Ta ga ƙofa ta shiga. Ciki duk haske ne kore mai sanyi, irin na safiyar da aka kwana ana ruwa. Matan zumuntar coci da ta sani tun tana ƙarama suna tsaye a jere da zannuwansu iri ɗaya, suna miƙa wa juna wata ƙwarya a rufe da faifai, suna waƙa ƙasa-ƙasa. Ta bi ƙwaryar don ta ga inda za ta ƙare, ta yi ta tafiya, jerin matan bai ƙare ba. A wata kusurwa ta tarar da Farfesa zaune da idanunsa garau, ɗan rago a cinyarsa. Ta buɗe baki za ta tambaye shi abin da ke cikin ƙwaryar, ya yi mata alama da hannu ta dakata, ana waƙa.

Naushi ne ya tashe ta, daga ciki, a ƙasan haƙarƙari. Ta yi murmushi ido a rufe, ta sa yatsa ta danna wurin. Aka mayar mata da martani. Ta sake dannawa nan take, shiru. Ta ɗan jira ta danna, aka sake harbo ta. Ta yi ta wasan nan tana rabin barci, wani a amsa, wani a yi banza da ita, har Inna Leah ta zagayo da kwandon kuɓewa ta gan ta.

"Ke! Ki bar bawan Allah ya huta mana. Tun bai fito ba kin fara tsokanarsa?"

Tabita ta janye hannu. Amma bayan Inna ta wuce sai ta zauna sosai, ta jawo kwamfutar. Duk gwajin da suka taɓa yi, sau ɗaya ake zuba sinadarin a bar shi. Ba wanda ya taɓa zubawa ya wanke, ya ɗan jira, ya sake zubawa, ya sake wankewa, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ta rubuta hakan, ta saki lissafin biyu.

Layukan suka rabu, rabuwar da ko yaro zai gani. A nata lissafin, ƙwayar takan amsa ƙwanƙwasar farko, amsar ta toshe hanya, ta biyu ta wuce a banza. Da yake ba a amsa ta biyun ba, babu sabon toshi, sai ta uku ta samu shiga. A amsa ɗaya, a tsallake ɗaya. A lissafin Malam kuwa kowace ƙwanƙwasa da mai kwantarwarta take zuwa, don haka kowacce tana samun amsa, 'yar ƙarama dai, amma ba a tsallake ko ɗaya.

Ta daɗe tana kallon allon. Inuwar ɗorawa ta matsa ta bar ƙafafunta a rana, ba ta ma ji ba.

Ba ta kira Khaulat ba. Farfesa ta fara kira, washegari, bayan ta yi ta juya maganar a ranta. Ta soma bayani, ya katse ta.

"Ni ba na jin lissafi ta waya, Tabita. Kuma ba a sa mai tsohon ciki hawa mota. Aina'u za ta kawo ni."

Washegari suka zo da hantsi. Mota ba ta iya ƙarasowa ba saboda hanyar ta matse tsakanin gonaki, sai suka ajiye ta a bakin coci suka tako. Tabita ta hango su daga ƙofar gida: Aina'u, 'yar autarsa, a gaba, shi a baya ya dafa kafaɗarta da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana shafar ganyen dawa suna wucewa. Ya rame fiye da yadda ta san shi. Baba Shago ya tare su da murna, ya riƙe hannun Farfesa da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, yau kai ne a ƙauyenmu? Ai da ka aiko mu zo."

"Dawarka ta yi kyau, Malam Shago. Hannuna ya gaya mini. Kaura ce?"

"Kaura ce, ranka ya daɗe. Farafara tana can gaba."

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa. Inna Leah ta kawo dafaffiyar gyaɗa da fura, ta ja Aina'u cikin gida. Farfesa ya ɓare gyaɗa ya ci, ya goge hannu, ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashin Tabita.

"To, karanta mini."

Ta karanta masa komai, da tsawon kowace zubawa, da tazarar da ta zaɓa tsakanin ɗaya da ɗaya, da abin da kowane lissafi ya ce za a gani. Ta ƙare da nasa. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Leɓunansa suka riƙa motsi kaɗan-kaɗan, ta san lissafi yake yi a ka, yadda yakan yi a gaban allo a da.

"Gwajin ya yi kyau," ya ce. "In ƙwayar ta tsallake, nawa ya mutu, babu gardama. To naki fa? Me zai kashe shi?"

"In ba ta tsallake ba, Malam."

"A wace tazara?"

"A wadda na zaɓa."

"Guda ɗaya kika zaɓa. A ce an yi, ba ta tsallake ba. Me za ki gaya wa kanki? Za ki ce tazarar ce ba ta dace ba, da an ɗan rage ko an ɗan ƙara da an gani. Kuma ba ƙarya za ki yi ba, don lambobin da ke cikin lissafinki ƙiyasi ne, ba ki san su daidai ba. Ni ma in ni ne haka zan ce. Kin haɗa gwajin da zai iya kayar da ni, amma kin bar wa kanki ƙofar baya."

Tabita ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ta ɓata kwanaki tana tausayinsa, tana shirya kalmomin da za ta lallashe shi da su in nasa ya faɗi. Ko sau ɗaya ba ta tsaya ta yi tunanin nata zai iya faɗuwa ba.

"Ban lura ba, Malam," ta ce a hankali.

"Ba a lura da irin wannan. Shi ya sa ake karanta wa wani. Buɗe kwamfutar."

Suka shiga aiki. Ya ce ta ɗauki kowace lamba a lissafinta ta ja ta zuwa iyakar da tsofaffin gwaje-gwaje suka yarda, ƙasa da sama, ta ga a wace tazara tsallaken yake bayyana. Kwamfuta tana juyawa, shi yana cin gyaɗa yana faɗin abin da yake zaton za ta fitar, wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kuskure ya yi tsaki. Sannu a hankali suka gano iyakar: daga wata gajeriyar tazara zuwa wata doguwa, duk yadda aka juya lambobinta, dole tsallaken ya fito a wani wuri tsakani. In aka bi tazarar nan mataki-mataki ba a gan shi ba, lissafinta ba shi da sauran wurin ɓuya.

"Rinin fa?" ya tambaya. "Zai kai?"

"In aka raba shi, kowane mataki ƙwayoyi kaɗan zai samu." Ta sake duba allon. "Kuma akwai wani abu, Malam. Khaulat takan haɗa hasken ƙwayoyin duka ta fid da matsakaici. A nan ba zai yiwu ba. In wannan ƙwaya ta tsallake ta biyu, waccan ta tsallake ta uku, in aka haɗa su sai a ga kamar kowace ƙwanƙwasa an amsa. Naka zai ci ba da haƙƙinsa ba. Dole a bi su ɗaya bayan ɗaya."

Farfesa ya tafa hannu sau ɗaya, har kajin da ke tsince-tsince kusa suka watse.

"Wannan ban yi tunaninsa ba! To kin rufe tawa ƙofar, na rufe taki. Yanzu ya zama gwaji."

Da azahar ta yi, Baba Shago ya kawo buta cike da ruwa da sabuwar tabarma, ya kama kafaɗun baƙonsa ya daidaita shi gabas. Tabita ta jingina tana kallonsa yana salla, farar rigarsa a tsakiyar koren gona, barci yana fizgarta. Da ya idar ta tambaye shi abin da ya daɗe yana cin ta.

"Malam, in naka ne ya faɗi fa?"

"Zan ji zafi mana, ni ba dutse ba ne. Zan yi kwana biyu ina yi wa tumakina faɗa ba su yi mini komai ba." Ya yi 'yar dariya, sannan ya gyara zama. "Amma na gaji da jira, Tabita. Na fi so in sani da raina."

Suna tafiya ta tura wa Khaulat tsarin gwajin, da abin da kowane lissafi ya yi alkawari, a rubuce tun kafin a taɓa ganye ko ɗaya, don kada wani ya sake magana daga baya.

Daga nan kwanakin suka narke mata cikin juna. Ruwa ya fara ja baya, gero ya soma rusunawa da nauyin kansa, yara suna kaɗa gwangwani a gonaki suna korar tsuntsaye. Ƙafafunta suka kumbura. Takan kwanta a gindin ɗorawa ta ga gajimare suna tafiya yamma, ta yi tunanin Khaulat can a Kano tana zubawa tana wankewa, sai tunanin ya ɓace ta koma tunanin suna, ko kalar zanen goyo. Wata safiya tana wanke baki naƙuda ta taso. Wani maƙwabci mai mota ya kai su asibiti a Bici, kafin la'asar ta haifi 'ya mace mai yawan gashi. Levi ya iso yana ta haki kamar da ƙafa ya zo. Ranar suna Fasto ya yi addu'a aka ce Joyce. Inna Leah ta ce bakinta ba zai iya ba, ita Murna za ta riƙa kiranta.

Tana cikin wankan jego Khaulat ta zo barka, da ledar kayan jarirai da kwamfuta a jaka. Ta ɗauki jaririyar ta yi ta yaba hancinta, ta sha kunun kanwa, ta tambayi lafiyar kowa har da awaki. Tabita ta san ƙawarta. Da labari mai daɗi ne, da tun daga ƙofar gida ta fara faɗa.

"Nuna mini kawai," ta ce.

Khaulat ta buɗe bidiyon. Allon baƙi ne, da 'yan ƙwayoyi bibbiyu masu siffar wake suna fuskantar juna. Aka zuba sinadarin, suka haska kore, suka dushe. Aka sake, suka haska. Aka sake, suka haska. Khaulat ta wuce zuwa tazara ta gaba, da ta gaba, har mafi tsawo. Hasken yana zuwa yana tafiya a natse kamar numfashin mai barci, kowace ƙwanƙwasa da amsarta.

"Na bi su ɗaya bayan ɗaya, yadda kika ce," Khaulat ta faɗa murya ƙasa. "Wallahi na so in samo miki ko guda ɗaya da ta tsallake. Babu."

Tabita ta ce a sake kunna mata daga farko. Ta kalla har ƙarshe. Shekarun da ta yi tana gina lissafin nan suka riƙa wuce mata ta gaban ido, da safiyar da ta fara ganin ya dace da awo ta fita waje tana tsalle ita kaɗai, da taron da ta tsaya ta kare shi gaban manyan malamai. Ba ta san hawaye suna zuba ba sai da ɗaya ya ɗiga a goshin Murna, yarinyar ta yamutsa fuska. Inna Leah ta leƙo ta gani.

"Jego ne," ta gaya wa Khaulat. "Haka yake sa mutum kuka ba dalili."

Ba wanda ya gyara mata.

"Rabin aikin sai na sake rubutawa," Tabita ta ce bayan Inna ta fita.

"Rabi ne kawai. Gwajin nan ai naki ne, kuma ya yi abin da aka haɗa shi ya yi."

Tabita ta share fuska da gefen zane. Abin mamaki, ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani sauƙi, irin wanda ta ji da aka sauke ta daga gadon haihuwa. Ta sa hannu ta mayar da bidiyon kan tazara mafi tsawo, ta ƙura ido.

"Khaulat, ba ki ga kamar hasken yana ƙaruwa a nan ba? Na uku ya fi na biyu."

"Na gani. Na ɗauka idona ne, sai da na auna. Yana ƙaruwa kaɗan-kaɗan."

"Lissafin Malam cewa ya yi daidai za su zo."

Ta miƙa wa Khaulat jaririyar, ta ɗaura ɗankwali, ta taka a hankali zuwa inda waya take kamawa. Aina'u ce ta ɗauka, ta kai wa mahaifinta. Tabita ta gaya masa ba tare da kwana-kwana ba: ƙwayar ba ta tsallake ba, ko sau ɗaya, a kowace tazara. Tana jin kukan tunkiya a bayansa.

"Alhamdu lillahi," ya ce can ƙasa, kamar ba da ita yake ba. Sannan ya ɗaga murya. "Sannu, Tabita. Na san abin da kike ji. An taɓa yi mini, ina da ƙuruciya, na yi wata ban shiga ofis da fara'a ba."

"Akwai saura, Malam." Ta gaya masa zancen hasken da yake ƙaruwa.

"Ƙaruwa? Ba raguwa ba?"

"Ƙaruwa."

Sai ta ji ya fashe da dariya, dariya sosai har da tari. "To ashe nawa ma bai gama tsira ba! Akwai wani abu a cikin ƙwayar nan da ni da ke duk ba mu san da shi ba. Kada ki taɓa kwamfuta yanzu, kin ji ko? Ki gama wankanki. In kin yi arba'in ki zo mini da amaryata in ji nauyinta, sai mu zauna."

Da ta koma ɗaki ta tarar Baba Shago ya shigo daga gona da zangarniyar sabon gero, ya gasa a bakin murhu, ƙamshin tumu ya cika gidan. Khaulat, haifaffiyar birni, ba ta taɓa ci ba. Baba ya nuna mata yadda ake murzawa a tafin hannu a hure ƙaiƙayin, ta gwada, rabi ya zube a cinyarta, kaji suka yo kanta. Tabita ta karɓi 'yarta ta kwanta a gefen gado tana jin su suna dariya a tsakar gida, Inna tana cewa a bar wa mai jego nata. Kafin a kawo mata, barci ya ɗauke su su biyun.